An ce ɗana ya warke, ya daina allurar insulin: shan magani rashin bangaskiya ne?

Tambaya

Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni uwa ce, muna zaune a Katsina ta wajen Ƙofar Kaura, ina cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. Ɗana na fari shekararsa 16. Wata takwas ke nan da likita ya ce yana da ciwon suga irin na yara, yana yi wa kansa allurar insulin safe da yamma. Makon jiya wani baƙon mai wa'azi ya yi taron kwana uku, ya ɗora masa hannu, ya ce ya warke, amma warkarwar ba za ta tabbata ba sai ya zubar da allurar ya yi azumin kwana bakwai. Ya ce mai riƙe da magani a hannu ba shi da hannun karɓar mu'ujiza. Mun sayi man shafawa a wurinsa. Tun shekaranjiya yaron ya daina allura, mahaifinsa kuma yana bayansa. Ni dai na ɓoye kwalbar a gindin randa, ban zubar ba. Tun daren jiya yake ta shan ruwa yana fita fitsari. Baba, ko ni ce nake tare masa warkarwa da rashin bangaskiyata? Barci ya gagare ni.

Amsa

'Yata, ajiye wayar nan ki fara da yaron, sauran maganar za ta jira ki. Ya karya azumin yanzu. Ki ɗauko kwalbar da kika ɓoye, a yi masa allurarsa yadda likita ya rubuta, a ba shi ruwa, ku ɗauki katinsa ku tafi asibiti yau ɗin nan. In ya fara amai ko ciwon ciki, ko yana jan numfashi mai zurfi da sauri, ko bakinsa na wari kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ko yana magagi, to kada ki jira mahaifinsa ya dawo daga aiki, kada ki jira gari ya waye. Ki tare Keke Napep ku nufi sashen gaggawa. Ƙishirwar nan da yawan fitsarin da kike gani, sugan ne ya hau. Mai irin ciwon ɗanki jikinsa ba ya samar da insulin ɗin da zai ishe shi. In aka yanke masa allura, jiki yakan koma ƙona kitse, jini ya cika da guba mai tsami, kuma kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sun isa su kai yaro ga suma. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin a naɗa ni aikin fasto, na tsaya a gefen gadon yara irin wannan ana yi musu ƙarin ruwa. Wasu sun tashi, wasu a likkafani aka fitar da su.

Ɓoye kwalbar da kika yi ba zunubi ba ne. Aikin uwa kika yi, kuma ina gode wa Allah da ya sa miki wannan a zuciya.

Na gaskata Allah yana warkarwa, ki ji wannan da kyau kafin wani ya ce miki tsohon malamin asibiti ne ke magana. Ina ɗora wa marasa lafiya hannu, ina shafa musu mai kamar yadda Yakubu 5:14 ta umarci dattawan ikkilisiya, kuma na ga waɗanda aka fid da rai da su sun miƙe. Kira ne da Ubangiji ya yi mana, ba mu da ikon ajiye shi. Abin da nake faɗa da shi kusan kullum, a ofis da gidajen makoki, shi ne wannan koyarwa da ta ce sai ka zubar da magani Allah zai san ka gaskata. Ban same ta ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki ba, kuma na ga kaburburan da ta haƙa.

Ki buɗe Matiyu 4. Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya dira ƙasa, har ya jawo masa Zabura 91 cewa mala'iku za su tallafe shi. Ayar gaskiya ce, alkawarin ma gaskiya ne. Amma Yesu ya ƙi, ya ce a rubuce yake kada ka gwada Ubangiji Allahnka. To, mene ne bambancin "dira, mala'iku za su tare ka" da "zubar da allurar, Allah zai riƙe ka"? Ni ban ga bambanci ba. Duka biyun jefa kai ne cikin haɗari da gangan don a tilasta wa Allah ya nuna kansa. Wanda ya fi kowa bangaskiya ya kira wannan gwada Allah, wane ne ni ko baƙon mai wa'azi da za mu sake masa suna?

Sannan ki duba yadda bayin Allah suka yi da ciwo. Sarki Hezekiya ya yi kuka ya roƙi Allah, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma a cikin labarin nan ɗaya, 2 Sarakuna 20:7, annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Bulus, wanda ake kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikinsa su warke, shi ne ya rubuta wa Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Shi ne ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Shi ne ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa da cewa alherina ya ishe ka. Abokin tafiyarsa Luka likita ne, kuma a Kolosiyawa 4:14 ya kira shi ƙaunataccen likita, bai ce ya tuba ya bar sana'ar ba. Za a ce Bulus ma ba shi da bangaskiya?

Na san ayar da masu wannan koyarwa suke fakewa da ita: 2 Tarihi 16:12, inda aka ce Sarki Asa bai nemi Ubangiji ba, sai masu magani. A karanta surar daga farko. Asa ya riga ya kwashi dukiyar Haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya, annabi Hanani ya tsawata masa, shi kuwa ya jefa annabin kurkuku. Mutum ne da ya juya wa Allah baya tun kafin ƙafarsa ta yi ciwo. Laifinsa rashin neman Ubangiji ne. Ke da kike kwana kina kuka gaban Allah saboda ɗanki, ina haɗinki da Asa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wannan koyarwa take wanke mai ita ta ko wace fuska. In yaro ya kwana biyu bai faɗi ba, a ɗauki hotonsa a sa a Facebook, an yi mu'ujiza. In ya faɗi, a ce uwarsa ce ta yi shakka. Mai wa'azin kuwa ya riga ya naɗe tabarmarsa ya wuce wani gari, ba ya nan ranar biyan kuɗin gado, ba ya nan ranar jana'iza. Mu fastocin gida ne za mu tsaya a bakin kabari muna neman abin da za mu faɗa wa uwa. Ke ma ga shi tun kafin a je ko'ina an ɗora miki laifi, har ya hana ki barci. Almajirai sun taɓa tambayar Yesu game da wanda aka haifa makaho, zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Ki sauke wannan kaya, ba naki ba ne.

Akwai kuma wani abu game da ciwon ɗanki da masu irin wannan taro ba su sani ba, ko ba su damu su sani ba. Bayan an fara wa yaro insulin, sau da yawa ɗan abin da ya rage na ƙwayoyin da ke samar da shi a jiki yakan farfaɗo na wasu makonni ko watanni. Sugan ya daidaita, likita ya rage yawan allura, gida kowa ya ce an samu sauƙi. Sassauci ne na ɗan lokaci, yakan wuce, ciwon yana nan. A daidai wannan tsakanin ne ake yaudarar iyaye da yawa. Haka mai tarin fuka: wata biyu da fara magani tari ya lafa, jiki ya murmure, a ce masa ya warke. Maganin kuwa na wata shida ne, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, wanda ya yanke a tsakiya ciwon na iya dawo masa da ƙwayar da ba ta jin maganin farko, ya kuma shafa wa 'ya'yansa. Na binne wata 'yar mawaƙan ikkilisiya a kan wannan, ta bar goyo. Haka mai ƙanjamau da gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar a jininsa: maganin ne ya danne ta, ya daina sha ta taso. Haka mai hawan jini da ba ya jin komai sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Haka mai farfaɗiya da aka ce aljani ne, aka yanke masa magani farat ɗaya.

To in Allah ya warkar da ɗanki fa? Yana da iko, ina kuma roƙon haka. Amma warkarwar Allah ba ta tsoron gwaji. Kutare goma da Yesu ya tsarkake a Luka 17, cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, domin a Shari'ar Musa firist ne ke duba fata ya tabbatar an warke. In yaron ya warke, na'urar gwajin suga za ta nuna, likita da kansa zai yi ta rage allurar har ya tsayar, sannan ku zo majami'a da takarda a hannu mu yi shaidar da ba mai iya musunta. Duk wanda ya ce kada a gwada, a tambaye shi me yake gudun a gani.

Batun man da kuka saya kuwa, ba zan ɓoye ɓacin raina ba. Yesu ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya, a numfashi ɗaya ya ce kyauta kuka samu, kyauta ku bayar. Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman, kuturun da ya warke ta hannunsa, Gehazi baran Elisha da ya bi bayan Na'aman ya karɓa kuturtar ta koma kansa. Man zaitun ko man gyaɗa na kicin ɗinki ya isa dattawa su shafa wa yaron, ba a sayar da shi, kuma ikon ba a cikin kwalba yake ba.

Mu Kiristocin ƙasar Katsina bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, domin mun san ta inda bishara ta shigo mana. A shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun kama aikin jinyar kutare a Babbar Ruga. Da addu'a suke farawa, sannan su wanke gyambo su ɗaure, su ba da magani. Asibitin ido na ECWA a Kano da asibitin Galmi a Nijar, inda mutanenmu suke zuwa har yau, daga aikin jinya na wannan mishan suka fito. Iyayenmu cikin bangaskiya ba su taɓa ganin allura kishiyar addu'a ba ce.

Ina kuma da magana da ikkilisiyarku. Na san tsadar insulin da tsinken gwaji, na san wahalar adana kwalba a zafin bazarar Katsina ba wuta. Sau da yawa gajiya da talauci ne suke sa uba ya rungumi maganar "ya warke", don haka kada ki yi wa maigidanki kallon maƙiyi, shi ma neman mafita yake. Yakubu da ya ce a kira dattawa su yi addu'a, shi ne ya ce in ɗan'uwa ba shi da sutura ko abinci ka sallame shi da fatan alheri kawai, me ya amfana? Ku kira fastonku da dattawa su je gadon asibitin, su shafa masa mai, su yi addu'ar bangaskiya da dukan zuciya. In sun gama, su zauna da shugabar zumuntar mata a fitar da kuɗin insulin na wata uku daga baiko. A samu dattijo ɗaya da maigidanki yake jin nauyinsa ya zauna da shi, su karanta Matiyu 4 tare. Yaron kuma a gaya masa a fili, gaban mahaifinsa, cewa bai yi wa Yesu laifi ba da ya koma kan allurarsa, domin mai shekara 16 yana iya ɓoye ya daina don kunya.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ki gaya mini abin da gwajin ya nuna. Ni da iyalina za mu sa shi cikin addu'ar asuba.