Filin Tambaya da Amsa: Gadon Salon Shekarun 1950 Mai Siraran Ƙafafu

Tambaya (wata uwar amarya daga Zariya): Ɗiyata ta ce ba ta son gadon nan mai ƙaton allo da ake yi wa amare. Ta nuna mini hoton wani gado gajere mai siraran ƙafafu, wai mid-century modern ake ce masa. Wane irin gado ne, kuma zai yi ƙarko?

Amsa: Hajiya, ɗiyarki tana da ido. Salon ya yi tashe ne a Amurka da ƙasashen arewacin Turai, musamman Danmak, daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 har zuwa ƙarshen shekarun 1960. Gidajen da aka riƙa ginawa a lokacin ƙanana ne, sai masu zana kayan ɗaki suka bar sassaƙa da ado, suka koma kaya marasa nauyi da ba sa cinye ɗaki. A Amurka, George Nelson ya zana wa kamfanin Herman Miller gadon da ake kira Thin Edge a 1954. A Danmak kuma Hans Wegner ya zana wa kamfanin Getama gadaje da kujeru.

Da gani za ki gane shi: yana kusa da ƙasa, allonsa shafe ne babu zane, ƙafafunsa masu kauri ne daga sama suna sirancewa zuwa ƙasa, sau da yawa a ɗan karkace, kuma launin katakon ne adonsa. Maganar ƙarko kuwa tana hannun kafinta. Wannan gado ba shi da yadi ko soso da zai rufe aibi, duk inda aka yi ha'inci a fili yake.

Tambaya (wani kafinta daga Kano): An ba ni kwangilar irinsa, shida-shida. Wane katako zan saya, kuma wane awo zan bi?

Amsa: Malam, masu salon na asali sun fi amfani da tik a Danmak da wolnot a Amurka. A kasuwanninmu, mansoniya ita ce ta fi kama da wolnot a duhun launi, sai loko mai ruwan ƙasa, da maɗaci da ke ba da ja-ja mai kyau. Malaina da obece sun yi taushi, kada ka yi ƙafa da su. Ƙurar mansoniya da ta loko tana cutar da hanci da fata, don haka ka rufe hancinka in za ka goge su.

Abin da ya fi sunan katakon muhimmanci shi ne bushewarsa. Katakon da aka ɗauko daga kudu da danshinsa, in ka haɗa shi da damina, da hunturu ya shigo zai tsuke, haɗin ya saki, allon ya tsage. Katako a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa faffaɗan allo ne ke fara bayyana matsalar. Ka jera katakon a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane fale don iska ta ratsa, ka bar shi makonni. Allon kuma ka yi shi da filawud mai kaurin milimita 18 wanda aka lulluɓe da fallen katako mai kyau, ka zagaye bakinsa da katako na gaske. Wannan ba ha'inci ba ne, haka masu salon suka riƙa yi, kuma ba ya tsagewa.

Awo: ƙafa shida santimita 183 ce, sai ka ƙara santimita 2 a cikin gadon a tsawo da kuma faɗi don katifa ta zauna ba matsi. Ka auna katifar da za a sa tukuna, domin wasu kan ɗan saɓa. Tsayin ƙafar gadon santimita 15 zuwa 20, kaurinta 4.5 a sama, 2.5 a ƙasa, karkatarta kada ta wuce digiri 10. Sandunan da katifa za ta hau su kai 13, kowane faɗinsa santimita 8, kaurinsa 2, tazararsu kada ta wuce santimita 7. In ta wuce, katifar soso za ta riƙa nutsewa tsakaninsu har ta yi kwari-kwari. Dole ne ka sa doguwar sanda a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafa ɗaya ko biyu a ƙarƙashinta, a shige ciki yadda ido ba zai gan su ba.

Wajen gamawa, ka goge da samfefa lamba 120, sai 180, sai 220, ka shafa man katako sau biyu ko uku, kana goge rarar kowane shafi da tsumma. Banish mai ƙyalli kamar madubi yana kashe salon. Tsumman da ya sha man kada ka dunƙule shi ka ajiye, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa.

Tambaya (wata matar aure daga Maraɗi): Namu wata takwas kawai ya yi, amma ya fara ƙara, ƙafa ɗaya kuma tana rawa.

Amsa: Karkatacciyar ƙafa tana tura nauyi waje ne, don haka duk juyin da aka yi a kan gadon sai ya taɓa maɗaurinta. In ɗan falen ƙarfe da gajerun ƙusoshi kawai suka riƙe ta, dole ta yi rawa. A ɗage katifa, a kife gadon, a duba. In ramin ƙusar ya faɗaɗa, kafinta ya cike shi da guntun katako da gam, ya sake hudawa. Gyaran da zai daɗe shi ne a gitta katako mai kauri a kusurwar, a ɗaure ƙafar a jikinsa da noti da wasa, wato ɗan faifan ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti. Ƙarar kuma yawanci sandunan ne ke gugar gefen gado bayan sun bushe. A goga kyandir a bakin kowace sanda, ko a shimfiɗa siririn ƙyalle a ƙarƙashinsu, sannan a riƙa ƙara ɗaure notuna duk farkon hunturu. In za a share ɗaki, mutum biyu su ɗaga shi. Jan sa a kan tayil shi ne ya fi saurin karya irin waɗannan ƙafafu.

Tambaya (wani magidanci daga Sakkwato): Katifata inci 14 ce. Za ta dace?

Amsa: Ta yi kauri, Alhaji. Za ta haɗiye rabin allon, gadon ya rasa siffarsa. Inci 8 zuwa 10 ya fi dacewa, yadda saman katifa zai tsaya wajen santimita 45 zuwa 55 daga ƙasa. Amma in mai ciwon gwiwa ne ko dattijo zai kwana a kai, a sa kafinta ya tsawaita ƙafafun da allon, domin tashi daga gajeren gado yana da wuya. Zanen gadon kuma a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kada ya zubo ya rufe ƙafafun, tun da su ake son a gani.