Na'urar farko: SDR ko ta gargajiya?

Kana tambaya ko ka fara da SDR (rediyon da manhaja ke sarrafa siginarsa) ko da na'urar gargajiya, tunda lasisinka na rediyon masu sha'awa (amateur radio) ya fito. Ka ɗauki SDR, amma mai cin gashin kanta, wadda ke da allo da maɓallai a jikinta, ba wadda sai da kwamfuta take aiki ba. Icom IC-7300 misali ce: ƙarfin aikawa wat 100 a zangon HF (gajeren zango) da zangon mita 6, tana da abin daidaita eriya a ciki, kuma da kebul ɗin USB guda zuwa kwamfuta za ka yi FT8, wato hanyar aika gajerun saƙonni na dijital. Allonta kuwa yana nuna maka duk inda ake magana a zangon, ka huta da lalube. Ka tanadi na'urar wuta ta volt 13.8 mai bada amfiya 25, domin tana jan kusan 21 lokacin aikawa. Wuta in ta gaza, murya takan fita a karkarye, ko na'urar ta mutu ta sake tashi.

Sharaɗin shi ne maƙwabtanka a iska. Idan akwai babbar tashar watsa shirye-shirye kusa da kai, ƙarfin siginarta yakan cika ADC (sashen da ke mayar da sigina zuwa lambobi), alamar OVF mai nuna cikar ta kunnu, ƙananan tashoshi su nutse cikin hayaniya. Ka fara kashe preamp (mai ƙara wa siginar da ke shigowa ƙarfi), ka rage RF gain (ƙarfin karɓa), sannan ka kunna attenuator (mai rage ƙarfin siginar). In duk da haka OVF ba ta daina ƙyaftawa ba, ka sa matatar zango tsakanin eriya da na'urar, ko ka koma ta gargajiya mai roofing filter (matatar da ke tare siginonin gefe tun da wuri), don ita ta fi jure irin wannan matsi.