Dillali ya ce kasuwar gidaje ta farfaɗo, in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, saura shekara 3 in yi ritaya, shekarata 14 ina zaman haya a Ɗorayi. Na sayar da gonar da na gada, na haɗa da ɗan abin da na tara, ina neman gida. Wani dillali a unguwarmu ya kai ni wani gida wajen Ɗanbare, ɗaki huɗu da tsakar gida, an sallama a miliyan 24. Ya ce a farkon 2023 miliyan 15 aka sa masa, aka rasa mai saye, amma yanzu kasuwa ta farfaɗo, akwai ma wani Alhaji daga kasuwar Kwari da ke zawarcin gidan, in ban ba da kafin alƙalami miliyan 5 kafin Juma'a ba zai kuɓuce min. Gidan na gado ne, babban wan magadan ke sayarwa. Filin awon igiya ne, takardar da ke hannunsu ta cinikin mahaifinsu ce mai sa hannun mai unguwa. La'ada kashi 5 cikin 100. Shin kasuwar ta farfaɗo da gaske? Kuma har ina zan dogara da dillalin, tunda mutumin kirki ne, masallaci ɗaya muke sallah?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa ka shiga naka lafiya. Amma kada ka ba da miliyan 5 ɗin nan ranar Juma'a, ko da Alhajin Kwari na nan da gaske.

Maganar farashi tukuna, don ita ce ta fi ɗaga maka hankali. Daga miliyan 15 zuwa 24 ƙarin kashi 60 cikin 100 ne. Ka tuna abin da ya faru a tsakanin lokutan biyu. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa kusan 460 ta kai wajen 1,500 a 2024. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wasu wurare a Fabrairun 2024, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. In ka auna da wannan, gidan bai ƙara daraja ba, kuɗin ne suka rage nauyi. Farfaɗowar kasuwa ta gaskiya a yawan ciniki ake ganin ta: gida nawa aka sayar a layin nan cikin wata shida, kwana nawa gida ke yi a hannun dillalai kafin a biya, kuma nawa aka biya, domin kuɗin da aka sa wa gida daban, kuɗin da aka ƙirga daban. Ka tambayi dillalin naka ya nuna maka gidaje biyu ko uku da aka sayar kwanan nan a kusa, ka je ka gaisa da waɗanda suka saya. In kasuwar ta motsa, zai nuna maka su ba tare da ya yi dogon tunani ba.

To a ce ma ta motsa. Abin da na lura da shi a wannan aiki shi ne, duk lokacin da masu saye suka dawo, gidajen da suka fara fitowa su ne waɗanda suka ƙi sayuwa a baya, kuma ba kullum rashin kuɗi ne ya hana su sayuwa ba. Wani rigimar magada ce, wani an ci bashi da takardarsa, wani kan tsohon kududdufi aka gina shi. Gidan da ya zauna tun 2023 yana da labari, kuma labarin nan kake buƙata kafin ka taɓa aljihunka.

Nan ne dillalin unguwa yake da amfanin da ba ni da shi, ni da nake zaune a ofis da fayil. Ya san wanda ya fara yanka filin, ya san layin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san ko rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara har sai an koma ga 'yan garuwa, ya san maƙwabcin da ba ya zaman lafiya da kowa. Ban yarda da masu cewa a guje wa dillalai baki ɗaya ba, don wanda ya shiga neman gida a Kano shi kaɗai zai sha yawo. Sai dai ka fahimci yadda abincinsa yake. La'adar miliyan 24 a kashi 5 miliyan 1.2 ce. In ka matsa aka rage maka miliyan ɗaya, naira 50,000 kawai ya rasa. In cinikin ya rushe, ya rasa duka. Saboda haka ba zai damu sosai da ka taya ƙasa ba, abin da ba ya so shi ne jinkiri, domin jinkiri ne ke fito da aibin gida. Wannan bai sa ya zama maƙaryaci ba. Mutumin kirki ma in abincinsa ya rataya a kan ranar Juma'a, zai ga Juma'a ta fi kowace rana dacewa. Ka bar shi a kan abin da ya iya, wato nemo gida da haɗa ka da masu shi. Tantance mallaka kuwa ka ba wanda za a biya shi ko an saya ko ba a saya ba.

Kashi 5 ɗin nan kuma al'ada ce, babu dokar da ta yanke shi, ana cinikinsa kamar komai. Ka tambaya tun yanzu: kai kaɗai za ka biya ko da mai gida? Dillalai nawa ne a cikin cinikin? Sau da yawa gida ɗaya yakan bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya iso ga mai saye, kowa na jiran rabonsa. Akwai kuma ɗori, inda mai gida zai ce a kawo masa miliyan 21, abin da ya hau kai na dillalai ne, sannan a zo a karɓi la'ada a wurinka. Maganin wannan ɗaya ne, ka zauna da masu gidan ido da ido, a faɗi farashi kowa na ji. In aka yi ta kewaye-kewaye a kan wannan zama, ka riga ka samu amsa.

Babban abin da ya tsaya min a tambayarka shi ne gadon. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. Kafin a raba gado, gidan na magada ne gaba ɗaya, maza da mata, har da matar mamacin da ke da tumunin takaba, kuma sai an fitar da bashi da wasiyya kafin kowa ya san nasa. In akwai marayu ƙanana, rabonsu ba ya sayuwa da bakin yayansu, sai ta hannun waliyyinsu da sanin alƙali. A mazhabar Malikiyya kuma akwai haƙƙin shufa'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa na iya biyan kuɗin da aka saya ya karɓe. Na taɓa riƙe shari'ar wani bawan Allah da ya sayi gida irin wannan, ya sa tayil, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya tare da iyalinsa. Bayan shekara biyu sai ga wata 'yar mamacin da ke aure a wata jiha ta dawo, ta ce ita ba a tambaye ta ba, ko kwabo ba ta gani ba. Gaskiyarta ce. Wanda ya karɓi kuɗin ya riga ya cinye, mai saye ya sake biyan rabonta daga aljihunsa don ya zauna lafiya.

Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ko takardar da ta nuna kotu ta amince a sayar a raba kuɗin. Ka sa a lissafa maka magada da sunayensu, sannan ka tabbatar da lissafin daga bakin wani daban, limamin unguwa ko tsohon maƙwabci, don wanda ake son ɓoyewa ba zai fito a lissafin mai sayarwa ba. Ranar ciniki kowane baligi ya sa hannu da kansa. Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce, ka kuma ji muryarsa a waya.

Sai takardar filin. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a yankin da aka ayyana birni shi ke ba da haƙƙin mallaka, wanda takardar C of O ke shaida, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, tana da amfani in an je kotu, amma ba ta gaya maka ko gwamnati ta taɓa karɓar wurin, ko an shata hanya ta kansa. Wannan ba yana nufin awon igiya haramun ne ba. Unguwanni da yawa a Kumbotso da Ungogo da Gwale haka suka tashi, gonaki ne aka yanka da igiya, mutane na zaune lafiya, kuma ana iya neman takardar gwamnati daga baya. Amma farashinsa bai kamata ya yi kafaɗa da na awon gwamnati ba, kuma banki ba zai karɓi takardar mai unguwa jingina ba in wata rana ka buƙaci hakan.

Ka ɗauki mai awo ya ɗauko lambobin wurin, a kai Ma'aikatar Ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a duba ko filin ya faɗa cikin wani tsarin gwamnati ko an taɓa ba wani takarda a kansa, a kuma leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a ga ko ginin ya hau hanya ko magudanar ruwa. Ka ɗaga kai ka duba ko babban layin wuta ya bi ta sama. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan rusau, kowa ya ga abin da ya faru a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula a Yunin 2023, kuma masu gine-ginen da aka rushe ɗin ma da takardu a hannunsu. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ce a kai, shi ya sa tambayar hanya ta fi tambayar fenti muhimmanci.

In kuma ka bar wannan ka koma gida mai C of O, kada ka ɗauka an gama. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ya ce ba a mayar da mallaka sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Mutane da yawa suna karɓar takardar da sunan mai gidan farko su sa a akwati, su ce sun saya. A fayil ɗin gwamnati gidan na wancan ne har gobe. Ka ware kuɗin lauya da na mai awo da na rajista tun yanzu, kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashi da la'ada, ka tare ba ka da na gyaran rufi.

Shi kansa ginin, gani ya kori ji. Ka je da birkilan da ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Sabon fenti a gindin bango kaɗai alama ce ta danshi. Ka koma da daddare ka ji unguwar, ka tambayi yaran layin inda ruwa ke tsayawa in an yi mamako, su ba su da la'ada. Ka duba mita ko akwai bashin wuta da zai zama naka.

Ranar biya, ta banki za ka biya, cikin asusun da magada suka amince da shi a rubuce, ba asusun dillali ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kuma rasidin banki shaida ce da ba ta mantuwa ba ta mutuwa. La'ada kuwa sai an gama, an miƙa maka makulli gidan babu kowa a ciki.

Game da Juma'a, ga abin da za ka gaya masa, cikin mutunci tunda gobe ma za ku haɗu a sahu: kana son gidan, kana buƙatar sati uku na bincike, kuma a shirye kake ka ajiye ɗan abin da bai wuce wanda za ka iya jure rashinsa ba, a hannun lauya, da takarda mai cewa in bincike ya nuna matsala a gado ko a fili za a mayar maka da kuɗinka cif. Magadan da suka haɗa kai da gaske, waɗanda suka jira tun 2023, sati uku ba zai gagare su ba. In aka ce a'a, sai dai miliyan 5 a hannun babban wa kafin a ga takardar kotu, wannan cinikin biri a sama ne, ka bar wa Alhajin Kwari. Ka ce wa dillalin ya ci gaba da nema maka, ka kuma gaya wa wani dillali na biyu a wata unguwar, kamar Gaida ko Rijiyar Zaki, don ka riƙa jin farashi daga baki biyu.