Kumburi a gindin cinya bayan aikin buɗe jijiya: a gasa ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kwana uku ke nan da aka yi wa mahaifina aikin buɗe jijiyar ƙafa da balan-balan, ta gindin cinya aka shiga. Filastar na nan ba mu cire ba, wurin ya yi baƙi, ga ɗan kumburi. Wasu sun ce mataccen jini ne, a riƙa gasawa da ruwan zafi. Wallahi ko barci ba na iya yi. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, amma tawul ɗin ruwan zafin nan ki ajiye shi tukuna.

Filasta ba ta da wuya. Yawanci bayan awa 24 ake cirewa, sai in asibitin sun ba ku wani umarni daban. Ki wanke hannu, ki ɗaga ta a hankali, in ta manne ki jiƙa ta. A wanke wurin da sabulu da ruwa, a tsane ba tare da gogawa ba. Gindin cinya wurin gumi ne, jiƙaƙƙiyar filasta kuwa gara babu ita, don haka in an sa sabuwa a canza ta kullum. Ban da hoda, ban da man shafawa. Wanka a tsaye babu laifi, amma kada ya zauna cikin ruwa har sati guda, kada kuma ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5. In tari ko atishawa ta zo, ya dafe wurin.

Baƙin da kike gani jini ne da ya kwanta a ƙarƙashin fata, yana iya gangarowa cinya, kuma zai washe da kansa cikin sati biyu zuwa uku.

To, batun gasawa da ruwan zafi. Kusan kullum sai na yi faɗa a kansa. Mutane suna ganin 'yar huda kamar ta allura sai su ɗauka ciwon a fata yake. Abin da aka huda babbar jijiya ce mai kai jini ƙafa, jinin cikinta da ƙarfin bugun zuciya yake tafiya. Abin da ya toshe hudar ɗan daskararren jini ne, ko ɗan marfi da aka sa, ga shi Baba yana shan aspirin ko clopidogrel masu hana jini daskarewa. Zafi yana buɗe jijiyoyi, tausa tana ture toshiyar. Sai jini ya riƙa tsiyaya ta ciki ya taru kamar jaka, kumburin yana girma yana harbawa. Daga nan sai wani gwani, wanda bai taɓa ganin cikin cinya ba, ya ce ƙurji ne ya nuna, a kawo reza. Wannan jakar in aka tsaga ta, jini feshi yake yi, kuma mintuna kaɗan sun isa a rasa mutum. Masu ba da shawarar ba za su bi ku asibiti ba, ba kuma za su ba da jininsu ba. Haka nan mai cewa a daina shan maganin saboda baƙin wurin: in aka daina, jijiyar da aka sha wahalar buɗewa tana iya sake toshewa.

Yanzu ki ɗora yatsu biyu a kan kumburin ba tare da dannawa ba. In bai wuce kan ɗan yatsa ba, kuma ba ya ƙaruwa, a bar shi. In yana girma, ko yana harbawa ƙarƙashin yatsunki, yau ɗin nan a kai shi a yi masa sikanin. Haka in ƙafar ta yi sanyi, ta yi fari ko ta dushe da ji, ko ya fara ciwon baya da jiri, ko zazzaɓi da mugunya. In kuwa jini ya ɓalle, ya kwanta rigingine, ki danne wurin da ƙarfi na minti 15 ba leƙawa, wani kuma ya nemo motar asibiti hannunki na kan wurin.