Ciki Ya Shiga Ina Goyo: Zai Shafi Girman Yaran? Kuma Ya Halatta Mu Ba Da Tazara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina goyon ɗan wata tara sai ga ciki ya shiga, ba mu shirya masa ba. Raina ya ɓaci har na yi kuka. An ce mini ɗan da ya zo ba shiri ba ya kamo sa'anninsa a wayo, an kuma ce in yaye na hannuna yanzu domin nonon ya lalace. Ina da zunubi kan ɓacin ran nan? Ya halatta mu ba da tazara nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ɓacin ran da ya zo miki ba da zaɓinki ba babu zunubi a kansa, domin Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya (Baƙara: 286). Abin da za a tambaye ki shi ne abin da kika aikata bayansa. Zubar da cikin don bai zo da shiri ba bai halatta ba. Bayan an busa rai, wato kwana 120 bisa hadisin Ibnu Mas'ud, malamai sun haɗu a kan haramcinsa sai in ran uwa ne ke cikin haɗari, kuma sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne hani tun kafin kwana 40.

Maganar cewa ɗan da ya zo ba shiri yakan yi ƙarancin wayo tana buƙatar gyara. Ɗan tayi bai san an shirya masa ko ba a shirya ba. Abin da ke isa gare shi shi ne abin da rashin shirin ke jawowa, kuma masu bincike sun ga cewa idan aka cire tasirin talauci da ƙarancin ilimin iyaye, yawancin bambancin da ke tsakanin yaran yakan ragu sosai.

Na farkon abin da rashin shiri ke jawowa shi ne makara. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Don haka ake so mace ta fara shan ƙwayar folik asid (wani nau'in bitamin), maikirogiram 400 kullum, tun kafin cikin, saboda ƙarancinsa kan sa a haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Wadda ciki ya zo wa ba zato takan rasa wannan, takan kuma ci gaba da shan magungunan da ba su dace da mai ciki ba. Ki je awo a wannan makon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo cikin makonni 12 na farko, a je aƙalla sau 8, a riƙa shan maganin ƙarin jini kullum. In kina shan maganin farfaɗiya, ciwon suga ko hawan jini, kada ki daina da kanki. Ki kai wa likita ya duba. Wannan a shari'a haƙƙin ɗan ne, sakaci da shi har ya cutu yana shiga ƙarƙashin hadisin "la darara wa la dirar", wato babu cuta babu cutarwa.

Sai jikinki da bai gama murmurewa ba. Cikin da ya shiga ƙasa da wata 18 bayan haihuwa ya fi fuskantar haihuwar bakwaini da jariri marar nauyi, ana ganin daga cikin dalilan akwai rashin dawowar jinin da uwa ta rasa. Ƙarin haɗari ne, ba hukunci ne yankakke ba, kuma awo da isasshen abinci suna rage shi.

Wanda aka fi mantawa shi ne halin zuciyar uwa. Ƙwaƙwalwar yaro a shekara biyun farko tana ginuwa ne da amsawa: ya yi gwalantu a amsa masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa, ya yi kuka a ɗauke shi. Uwar da baƙin ciki ya danne tana iya yi wa jariri wanka ta ba shi nono ba tare da ta kalli idonsa ba, yaro kuwa in ya yi ta kira babu amsa sai ya rage kiran. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu, barci da cin abinci sun gagara, wannan ciwo ne da ke da magani, ba raunin imani ba ne. A nan mijinki yana da babban kaso, don ba ke kaɗai kika yi cikin ba. Ciyarwa, kai ki asibiti da ɗauke miki ɗan hannu duk suna wuyansa.

Batun yaye kuwa, nonon mai ciki ba guba ba ne. Muslim ya ruwaito daga Judama bint Wahb cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da saduwa da mai shayarwa ko shayarwar mai ciki, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, don haka bai hana ba. Gaskiyar abin shi ne nonon yakan ragu wajen tsakiyar ciki. Yaye ɗan wata tara rana ɗaya shi ne ke kawo rama da gudawa. Ki ci gaba da ba shi, ki ƙara masa abinci sau 3 zuwa 4 a yini, a riƙa auna nauyinsa. In kina zubar jini ko kin taɓa naƙuda kafin lokaci, likita ne zai ce a ci gaba ko a dakata.

Tazara nan gaba ta halatta. Jabir (RA) ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa, alhali Alƙur'ani yana sauka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma Allah ya sanya cikar shayarwa shekara biyu (Baƙara: 233). Wannan ya yi daidai da shawarar likitoci ta jiran wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Kuwait a 1988 ta halatta tazara ta ɗan lokaci bisa yardar miji da mata, da hanyar da ba ta cutarwa kuma ba ta zubar da ciki, ta hana kashe haihuwa ɗungurungum sai da larura. Niyyar ta zama lafiyar uwa da renon yaro, ba munana zato ga Mai azurtawa ba.

Kada kuma ki sake dogara da shayarwa kaɗai. Tana hana ciki ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku ya faɗi, ku nemi wata hanyar a wurin ma'aikaciyar lafiya.

Wallahu a'alam.