Filin Tambaya: Sunan Latin Ko Sunan Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, kuma duk lokacin da na sayi iri na cikin fakiti sai in tarar da wani dogon suna na Latin wanda ko furta shi ba na iyawa. Shin koyon waɗannan sunaye yana da amfani, ko kuwa namu na Hausa sun wadatar? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Idan wurin mai sayar da dashe na unguwarku za ki je, sunan Hausa ya ishe ki, domin da kin ce lalle ko zogale ya san abin da zai ɗauko miki. Ruɗani yana tasowa ne idan aka yi nisa da gida. Itacen da wani yake kira darbejiya, shi ne wani yake kira dogon yaro, wani ya ce maina, a Nijar kuma ki ji an ce bedi, alhali a wurin masana sunansa ɗaya tak, Azadirachta indica. Wani lokacin ma sunan ne da kansa yake yaudara, domin wasu suna kiran zogale bagaruwar Makka, ga shi kuwa babu abin da ya haɗa shi da bagaruwar da majema suke jeme fata da ita.

Carl Linnaeus, masanin tsirrai mutumin Suwidin, shi ne ya daidaita tsarin ba kowane tsiro sunan Latin mai kalma biyu a 1753. Kalmar farko tana nuna dangin tsiro, ta biyu kuma ta ware shi daga 'yan uwansa. Yakuwa ita ce Hibiscus sabdariffa, rama kuwa Hibiscus cannabinus. Ki tsinko furensu ki jera a tafin hannu, za ki ga zumuncin da idonki. Sai dai kada ki ɗauka sunayen ba sa canzawa, domin gawo ya daɗe yana amsa Acacia albida kafin a mayar da shi Faidherbia albida. Ɗorawa ma an sa mata Parkia don tunawa da Mungo Park, Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe, ko da yake kakanninmu sun riga shi sanin kalwa da daddawa.

Shawarata ita ce kada ki wahalar da harshenki wajen furuci. Ki adana fakitin bayan kin shuka irin, ki rubuta sunan Hausa a bayansa, ranar da za ki aika a sayo miki wani daga nesa sai ki tura hotonsa.