Me ya sa heda ke tura rubutuna ƙasa a LibreOffice, alhali bayanin taimako ya ce a cikin majin take?

Tambaya: Sashenmu ya ce majin (sararin da ake bari a bakin takarda) sama da na ƙasa na furojek su zama inci 1, wato santimita 2.54. Na sa haka a LibreOffice Writer, sannan na kunna heda da futa (wuraren rubutun da ke maimaituwa a sama da ƙasan kowane shafi). Da na buga na auna da rula, sai na ga rubutun ya fara ne kusan santimita 3.5 daga bakin takarda. Bayanin taimako na manhajar ya ce heda da futa wurare ne a cikin majin. Ni na yi kuskure ko bayanin?

Amsa: Rularka ba ta yi ƙarya ba. Bayanin ne bai faɗi zancen daidai ba. Ya yi daidai da abin da ido ke gani, domin heda tana zaune a sararin da ke saman rubutu. Amma bai dace da lambar da ka shigar ba, kuma ita ce damuwarka.

A Microsoft Word, majin sama shi ne tazarar bakin takarda zuwa layin farko na ainihin rubutu. Heda tana cikin wannan sararin, tana da nata ma'auni daga bakin takarda, yawanci rabin inci, santimita 1.27. Ko ka kunna ta, rubutu ba zai motsa ba, sai in ta yi tsayin da ya cika sararin.

Writer ba haka yake lissafi ba. Da zarar an kunna heda, majin sama ya koma tazarar bakin takarda zuwa saman hedar kanta. Daga filin rubutu ake yanko mata wuri. Kai ka sa 2.54, layin heda ɗaya na harafi mai girman 12 ya ci kusan rabin santimita, tazarar da manhajar ke bari tsakanin heda da rubutu ta ci wani 0.50. Ka ga an tashi a 3.54. Haka abin yake ta ƙasa da futa.

Kada ka raina wannan. Tsawon takardar A4 santimita 29.7 ne. In an cire majin biyu, saura 24.62, wanda ke ɗaukar layi kamar 25 in ana tsallake layi. Heda da futa suka cinye santimita 2, sai a koma 23. Aikin shafi 80 zai iya kai 87, kuɗin bugu ya ƙaru, lambobin shafi a jerin abubuwan da ke ciki su goce in da hannu ka rubuta su.

Gyaran ba wuya. Shiga Format, ka zaɓi Page Style. A shafin Page ka mayar da majin sama 1.27. A shafin Header ka sa Height 0.50, Spacing kuma 0.77. Ukun sun ba da 2.54 cif. Sai ka kunna Use dynamic spacing, domin in hedar ta kai layi biyu ta ci daga tazarar maimakon ta tura rubutu. In ta wuce haka, dole ta tura shi, matuƙar AutoFit height na kunne. In ka kashe shi kuma, abin da ya yi yawa sai ya ɓuya, wanda ya fi muni. Yi irin wannan lissafin a Footer da majin ƙasa.

A kula: a Writer heda tana bin salon shafi ne, a Word kuma sashen fayil (Section) take bi. In shafukan farko masu lambar Rumawa suna da salonsu daban, sai ka gyara kowane salo.

Wannan ne kuma dalilin da in ka buɗe fayil ɗin Word a Writer za ka tarar majin sama ya nuna 1.27 ko 1.25. Ba lalacewa ya yi ba, manhajar ce ta fassara ma'aunin zuwa nata lissafin. Masu ganin haka su “gyara” shi zuwa 2.54 su ne ke ɓata shafin da hannunsu.

Da bayanin ya ƙara jimla ɗaya, cewa kunna heda yana rage filin rubutu kuma majin sama yana tsayawa ne a saman heda, da an huta. Kafin ka kai wurin bugu, fitar da aikin a PDF, ka ce wa mai bugawa ya zaɓi Actual size. In ya bar shi a Fit, firinta zai ɗan rage girman shafin, awon rularka ya sake saɓawa.